Ranar da Muka Tafa wa Kumatu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina auna dantsen yara a cibiyar masu tamowa ta unguwarmu, kafin wata mata da takardun karatunta suka fi shekarunta yawa ta zo ta ce hannuna ya yi nauyi. Ba ta faɗa da cin fuska ba, har Inna ta kira ni kamar yadda kowa ke kira na. Da murmushinta ta ɗauke ni daga teburin awo ta kai ni sito, wai in huta. Ni kuwa ban taɓa ce wa kowa na gaji ba.

Cibiyar ba wani abin kallo ba ce. Ɗaki biyu ne da rumfar kwano, da benci takwas, da ma'auni a rataye mai bahon roba, inda ake saka yaro yana tsala kuka. Duk Talata mata ke cika rumfar tun da sassafe, kowace da goyonta da katinta. Ƙungiyar da ke ɗaukar nauyinmu tana aiko da abincin tamowa a 'yan ledoji, mu auna yaro mu ba uwarsa na sati guda. Awon da tef ake yi, wani siriri mai launi uku da ake zagaya wa dantse. In ya tsaya a ja yaro na cikin hatsari, rawaya yana farfaɗowa, kore ya warke. Wannan ko ɗan koyo ya iya shi a yini ɗaya.

Na ƙafa ne ba kowa ya damu da shi ba. Akwai tamowar da ba ta ramar da yaro, kumbura shi take yi. Ruwa ya taru masa a ƙafa, ya hau hannu da fuska, har wanda bai sani ba ya gan shi ya ce tubarkalla. Yadda ake gane ta, ka ɗora manyan yatsunka a bayan ƙafafunsa biyu, ka danna, ka ƙirga uku. In ka ɗage fata ta koma, lafiya. In rami ya zauna, to ba ƙiba ba ce, kuma yaron na asibiti ne a ranar, ba gobe ba. Tsohuwar nas ɗin da ta koya mini ta daɗe da rasuwa, amma tun daga ranar ban bar yaro ya tashi daga gabana ban danna masa ƙafa ba. Wannan ne nauyin hannun da aka ce ina da shi.

Matar nan, ita ce sabuwar Manaja, ta zo mana da wasu manyan wayoyi masu faɗin littafi, muna ce musu allo, da wani mutum mai kula da su da muka sa wa Ɗan Kwamfuta. Ta ce daga babban ofis an yanke minti uku ga kowane yaro, don kada mata su yini a layi. Wannan ban ƙi ba, na san zaman bencin nan. A allon akwai tambayar ko yaro na da kumburi, amma amsar a rubuce take zuwa, babu. Sai wanda ya ga akwai ne zai taɓa ya canza. In kuwa tef ya nuna kore sati biyu a jere, allon da kansa yake sallamar yaro, ya rufe fayil ɗinsa, ya ƙara shi cikin waɗanda suka warke. Ni yatsana bai saba da gilashi ba, in na taɓa nan can ya buɗe. Aka sa mata biyu masu saurin hannu a teburina.

Sai ga takalma. Wasu bayin Allah masu taimako, a can inda suke, suka aiko da takalman yara da safa, kwali a kan kwali har rufin sito. Ba wanda ya roƙa. Yaran da ko tsayuwa ba sa iyawa aka aiko wa takalmi mai igiya. Ni aka ba rabon, kuma in faɗi gaskiya matan sun yi murna, don mafi yawansu ba su taɓa saya wa ɗa sabon abu ba. Sai ya zama duk Talata uwa ta wanke ɗanta, ta sa masa safa da takalmi, ta ɗaure igiya tamau, ta kawo shi kamar za shi biki. To wa zai tsaya kwance igiya biyu da cire safa biyu daga yaro mai harbe-harbe, alhali minti uku gare shi? Matan teburin suka daina duba ƙafa, kuma ba na ganin laifinsu sosai, don agogo ke kansu.

Na faɗa a taron ma'aikata. Ɗan Kwamfuta ya juyo mini da allonsa, ya ce wata huɗu ke nan ba a samu yaro ko ɗaya mai kumburi ba, wannan kuwa alamar aiki na kyau. Na ce masa ni ma in na rufe idona ba ɓera ko ɗaya a sito. Aka yi dariya, aka ce Inna da rigima, aka wuce zancen fentin rumfa. Na fita na je na zauna cikin takalmana.

Cikin matan da ke zuwa akwai wata da wankau take yi wa gidaje, don haka Mai Wanki muke ce mata. Tafin hannunta duk sabulu ya cinye. Mijinta ya tafi neman aiki wani gari, sai jefi-jefi ake jin ɗuriyarsa, ya bar ta da yara huɗu a ɗaki ɗaya. Ta ƙarshen ce ta kawo mana, ba ta cika shekara biyu ba, tef ya nutse cikin ja, gashinta ya yi ja ya yi laushi, haƙarƙari a waje. Matar nan ba ta taɓa fashin Talata ba. Ledojin da yarinyar ta shanye, da ake cewa a dawo da su, ita kaɗai ke kawo su a wanke a ninke. Ta taɓa gaya mini a tagar sito cewa yayar mijinta na bi gida-gida tana cewa ba ta iya riƙon ɗa ba, za ta kashe wa ƙaninta 'ya da ƙazanta da son jiki. Tana faɗa tana dariya, irin dariyar da ta fi kuka ciwo.

Sati biyar yarinyar na tsakanin ja da rawaya, sannan ta yi zawo na 'yan kwanaki. Bayan nan sai aka ga ta fara cika. Kumatu suka fito, hannu ya yi ɓul-ɓul, tef ya tsallaka kore. Matan teburin suka sa mata suna Kumatu, kowa ya wuce sai ya ja mata kunci. Ni daga taga nake hangen ta a bayan uwarta, cikin hula da safa.

Talatar da ta fara shiga kore, Mai Wanki ta bar ta hannun maƙwabciya a layi, ta zo tagata da takalmin a hannu, bakinta har kunne, ta ce ya matse. Na ɗauko mata na gaba da shi, na ce Allah ya raya. Wannan laifina ne, kuma ba na neman wanda zai sauke mini shi. Ƙafar yaro ba ta ƙara lamba cikin wata guda, na san haka kamar yunwar cikina. Taku goma ne tsakanina da bencin. Amma ina can ina jinyar haushin an mayar da ni mai raba takalmi, hankalina na kan kaina, ban tashi ba.

Talatar da ta biyo ita ce ranar baƙi, masu ba da tallafin za su zo su ga inda taimakonsu ke shiga. An yi fenti, an jera kujeru, an ɗaura balan-balan a ginshiƙan rumfa, an kawo lasifika. Manaja na neman yaro ɗaya da za a nuna, kuma tun kafin ranar ta zaɓi Kumatu, don akwai hotonta na ranar da ta zo ƙashi da rai. Da sassafe aka auna ta, kore karo na biyu, allo ya sallame ta. Aka sa mata farar riga mai tambarin ƙungiya. Sai ga Mai Wanki a tagata, ta ci ado da zanen da ban taɓa gani a jikinta ba, wannan karon da yarinyar a kafaɗa. Ta ce Inna, abin dariya, wannan ma ya ƙi shiga.

Na buɗe ƙofa na ce ta shigo. Na ɗora yarinyar a kan kwali na zare safar. Bakin safar ya bar mata zobe a ƙauri, ƙafar kuwa tana sheƙi, yatsun sun cushe da juna. Na danna na ƙirga uku. Da na ɗage, ramuka biyu suka zauna kamar na danna ƙullin fulawa. Na danna ƙauri, haka. Na danna bayan hannu, haka. Idanunta ma sun kusa rufewa. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta janye ƙafa ba, kallon bango kawai take yi. Sati biyu cur cibiya guda tana yi wa rogo kallon kitse.

Na sami Manaja a ofis tana gyara takardar jawabi. Na ce, "Yarinyar da za ku ba takarda ba ta warke ba, kumbura ta yi. A kai ta asibiti yanzu."

Sai da ta dubi agogo kafin ta dube ni. Ta ce motar ta tafi ɗauko baƙi, nas ɗinmu kuma sai Alhamis take zuwa, ni kuwa da girmana da komai ba likita ba ce. Ɗan Kwamfuta ya leƙo ya ce tef dai kore ya nuna, kuma a allo babu kumburi. Na ce su zo su gani da idonsu, sito ba nisa. Ba wanda ya motsa. Na ce to a nuna wani yaron, ga su nan da yawa da suka warke da gaske. Ta ce an riga an buga suna a takardar sallama, an kuma aika wa baƙi labarin yarinyar da hotonta tun makon jiya.

Ta sassauta murya ta ce, "Inna, awa biyu ne kacal. Yarinyar da ta yi sati biyu a haka, awa biyu ba za su kashe ta ba. Ana gamawa zan ba da mota."

Ta yi gaskiya, awa biyun ba su kashe ta ba. Abin da aka yi a cikinsu ne ban yafe ba har gobe.

Na koma sito na gaya wa Mai Wanki komai, ban ɓoye mata ba. Na nuna mata ramin. Ta sa tafin hannu tana shafa wurin kamar mai goge tabo a riga. Sannan ta leƙa ta taga. Yayar mijin nan tana zaune a layin gaba, Mai Wanki da kanta ta gayyato ta, da maƙwabta biyu. Ta ce mini a bari a gama tukuna, don Allah. Na dubi fuskarta na kasa ce mata a'a. Na yanka harshen wani babban takalmi da almakashi don ƙafar ta shiga, da hannuna na ɗaure igiyar.

Baƙi suka iso su biyar, aka yi ta jawabi. Kowa ya tashi sai ya gode wa wanda ya riga shi, wanda ya riga shi ya gyaɗa kai. Daga nan aka ɗaga hoton ranar farko, rumfa ta yi tsit, aka kira Mai Wanki ta fito tsakiya. Manaja ta riƙe lasifika ta ce ga yarinyar da ta zo musu a bakin mutuwa, yau ta warke sarai, kuma wannan aikin uwa ce ta gari wadda ta bi umarni. Ta miƙa mata takarda mai zanen zinariya a gefe. Aka tafa, aka sake tafawa, matan benci suka yi guɗa. Mai Wanki na hawaye tana dariya, ta waiwaya ta dubi yayar mijinta ido cikin ido, abin da na tabbata ba ta taɓa yi ba. Ni ma na tafa. Ina tsaye a bakin sito, kowa na tafi, hannuna ya bi sahu.

Sai babban baƙon ya karɓi yarinyar don a yi hoto. Ya ɗaga ta sama yana mata wasa, wani ya miƙo mata balan-balan. Ba ta ko kalle shi ba. Kanta ya langaɓe gefe, ta saki wani siririn kuka maras ƙarfi, irin wanda na sha ji a wannan aikin kuma na san inda yake kai yaro. Ban san sanda na ratsa kujerun ba. Na karɓe ta daga hannunsa ba sallama, na zauna a ƙasa gaban kowa, na tuge takalmi da safa na jefar, na danna, na ƙirga uku da ƙarfi yadda lasifika ta ɗauka. Na ɗaga ƙafar na nuna musu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Cikin baƙin akwai wata dattijuwa da ashe ta yi aikin jinya. Ta durƙusa ta danna ɗaya ƙafar, ta miƙe ta yi wa Manaja magana ƙasa-ƙasa. Motar da aka ce sai an gama, cikin minti biyar ta tsaya a bakin rumfa. Ina shiga da yarinyar na ji Manaja a lasifika tana cewa wannan ya nuna irin sa idon ma'aikatansu. Washegari aka aiko mini da takardar dakatarwa ta sati biyu, saboda na kunyata ƙungiya a gaban baƙi. A nan ma sun rubuta cewa in huta.

A asibiti likita ya danna ƙafar sau ɗaya ya ce a ba ta gado. Aka hana ta ledojin, aka koma ba ta wata madara tsararo a ɗan kofi, kaɗan-kaɗan, duk bayan awa uku. Ɗakin gado talatin ne, nas biyu, ba mai lokacin zama ya yi wa uwa bayani sau biyu. Tunda an ba ni hutun dole, kullum da safe ina can. Na gaya wa Mai Wanki tun ranar farko cewa ruwan zai tsiyaye, yarinyar za ta koma ƙarama fiye da yadda take zato, kada ta tsorata, hanyar sauƙin ke nan. Ta ce to. Amma ji daban, gani daban.

Kwana uku kumatun suka zube. Hannun da ake ja ana wasa ya koma sanda, fatar ƙafa ta yi yaushi tana saɓulewa, haƙarƙarin nan suka dawo. Ni murna nake, don a ranar ta bi cokali da ido, har ta ture hannun nas. Likita ma ya ce an kama hanya. Mai Wanki kuwa na zaune bakin gado tana juya hannun yarinyar tana kallo. Da yamma yayar mijin ta zo, ta tsaya tsakiyar ɗaki tana tafa hannu tana cewa an kawo yarinya ɓul-ɓul an tsotse ta, ana ba ta ruwan madara kamar 'yar kyanwa, wata tsohuwa mai baƙin ciki ta ja musu. Na so in ba ta amsa daidai da ita, na haɗiye saboda marasa lafiya. Ranar ta huɗu na zo na tarar da wani yaro a gadon, nas ta ce uwar ta ɗauke ta sun tafi gida.

Gidansu can ƙarshen wani lungu ne da kwata ta raba biyu, tsakar gidan duk igiyoyin shanya, sai ka sunkuya. Na same ta a kan baho tana cuɗa rigunan mutane, yarinyar na kwance a tabarma a inuwar wani zanen gado. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa, ba ta daina wankin ba. Na yi magana har bakina ya bushe. Na ce ta tuna shekaruna a wannan aiki, na ce likita ya ce kwana goma kawai, na ce ni zan karɓi wankin in ta yarda.

Ta matse riga ta ajiye, sannan ta ce, "Inna, wanne zan ɗauka? A rana ɗaya, a rumfa ɗaya, kun ce ta warke, kun kuma ce za ta mutu. Wadda ta ce ta warke ita ce babbarku, da lasifika ta faɗa, ta ba ni a rubuce. Har ke na gani kina tafi."

Na ce kuskure ne, duk mun yi kuskure.

Ta ce, "To ita ta zo ta faɗa. In ta zo nan ta ce sun yi kuskure a gaban yayar mijina, yau zan mayar da ita. Ni kaɗai ba zan iya da mutanen gidan nan ba."

Abin da ta roƙa ke nan, ba ƙari. Daga nan ban zarce ko'ina ba sai cibiya, da dakatarwata da komai. Na gaya wa Manaja yadda muka yi. Na ce tafiyar minti goma sha biyar ce a mota, magana kuma ba ta fi kalma uku ba. Ban ɗaga murya ba, har ranki ya daɗe na ce mata, ni da a haife na haife ta. Ta saurare ni da kyau, idonta ya kawo ruwa, ta ce abin na damunta ƙwarai. Amma dokar aiki ta hana ma'aikaci ya je gidan mai cin gajiyar shiri ya amsa laifi da sunan ƙungiya sai da izinin babban ofis, kuma ana kan bincike. Ta ce za ta rubuta musu yau-yau. Na ce ta je a matsayinta na mace 'yar'uwar mace, ta bar ƙungiyar a mota. Ta ce ba a raba su. Na tambaye ta ko da izinin babban ofis ta ce yarinyar ta warke sarai. Ta ce wancan ai allo ne ya nuna.

Kwana biyar ina zarya tsakanin lungun da cibiya, kullum amsar babban ofis tana hanya. A gida kuwa sun duƙufa ɗura wa yarinyar duk abin da ke tukunya don kumatun su dawo. Kuma suka dawo. Ƙafa ta sake cika, fuska ta sake tashi, yayar mijin ta tare ni a bakin ƙofa da yarinyar a hannu tana juya mini ita, tana cewa in gani, kwana nawa a gida har ta murmure. Na ce ta bar ni in taɓa ƙafar, ta janye ta, ta ce yatsan nawa ne ba alheri. Mai Wanki na bayanta, ta ƙi haɗa ido da ni. Ban taɓa jin tsanar aikina irin ta ranar ba, don mu muka koya wa mutanen gidan nan su ga ciwo su yi hamdala.

Ranar ta shida da hantsi aka buga ƙofata. Mai Wanki ce, ba mayafi, hannunta da kumfa, yarinyar a ƙirji. Ta ce tun safe ta ƙi haɗiya, jikinta kuma ya yi sanyi. Muka tari motar haya zuwa asibiti. Na sa yarinyar cikin rigata na manna ta da fatata don ta ji ɗumi, uwar na riƙe da ƙafarta tana kiran sunanta na gaskiya. Mun kai har ƙofar ɗakin yaran. Nas ta karɓe ta, ta ɗora a tebur, ta saurara, sannan ta ja zanen ta rufe.

Amsar babban ofis ta iso bayan kwana biyu da binne ta. Sun amince a kai ziyarar jaje, da sharaɗin kada a yi maganar dalili. Manaja ta je da kwalin sabulu. An kuma aiko da sabuwar doka, wai daga yanzu a cire wa kowane yaro takalmi kafin awo, aka buga ta da manyan baƙaƙe aka manna a rumfa kamar wani sabon ilimi da aka gano.

Da hutuna ya ƙare na koma, ban ko ajiye jaka ba na wuce wurin Ɗan Kwamfuta. Abu ɗaya nake so, a gyara fayil ɗin yarinyar, a rubuta abin da ya faru da ita. Ya miƙe ya yi mini gaisuwa, ya ce wallahi abin ya taɓa shi. Ya buɗe allo ya nemo ta, ga hotonta da kumatu, ga kore a gefe. Ya taɓa nan, ya taɓa can, ya ce fayil ɗin da aka rufe ba ya buɗuwa daga nan, kuma rahoton watan ya riga ya tafi. Na ce to ya za a yi. Ya yi tunani da gaske, don ba mugu ba ne. Sannan ya ce hanya ɗaya ce, a shigar da ita a matsayin sabuwar zuwa, daga nan sai a rubuta ta rasu. Sai dai allon ba ya karɓar sabon yaro sai an sa awon dantsensa na ranar.

Na tsaya ina kallon sa har ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya sunkuyar da kai.

A watan nan cibiyarmu ta sallami yara tamanin da huɗu da suka warke, kuma aka aiko mana da takardar yabo daga babban ofis. Kumatu tana cikin tamanin da huɗun.